Jaririn da Aka Hana Tari

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku matso ku ji. Akwai wata Laraba a tsakiyar damina da har yau ta ƙi fita raina. Lokacin ina ƙaramar jami'ar lafiya a wani ɗan asibitin ƙauye ta wajen Kuyello. Mu biyu ne kacal, ni da incaji, wato shugaban asibitin, Malam Tanimu. Mutanen gari kuwa duk likita suke ce mana.

Da hantsi wata matashiya mai suna Sahura ta shigo da goyo, ɗan wata huɗu, sunansa Mudi. Hanci a toshe, jiki da ɗumi, sai tari yake. Na bi ƙa'ida kamar yadda nake koya muku: na cire masa riga, na ƙirga numfashinsa da agogo, na duba ko haƙarƙarinsa na lotsawa. Babu ko ɗaya. Mura ce, ba ta sauka huhu ba.

Na ce, "Kwantar da hankalinki. Ki yawaita ba shi nono, ki ɗiga masa ruwan gishirin nan a hanci kafin ya kama, ki kare shi daga sanyi. Ga na zazzaɓi. In numfashinsa ya yi sauri ko ya ƙi nono, ki dawo a guje."

Ba ta tashi ba. Ta ce, "Likita, ni wanda zai sa ya yi shiru nake so."

Kun san ni da saurin hawa. Na ce, "Ke! Jariri ne fa, ba rediyo ba da za a murɗa a kashe."

Sai ta sunkuyar da kai ta yi mini bayani. Tun da 'yan bindiga suka fara shigo musu, ba a kwana a gida. Da la'asar sakaliya mata da yara ke shigewa gonakin masara na bayan gari, su lafe har gari ya waye. Jiya Mudi ya yi ta tari. Matan suka ce ko ta san yadda za ta yi da shi, ko ta matsa can nesa ita kaɗai, kada ya jawo musu.

"Ba mugunta ba ce, Likita," in ji ta. "Kowacce da nata 'ya'yan."

Na matso kusa da ita. Na ce maganin tari mai sa barci na manya ne, jariri in ya sha numfashinsa yake dannewa, kuma tarin nan shi ke fitar masa da majina. Sannan na sami incaji.

"Ranka ya daɗe, a bar ta ta kwana a ɗakin haihuwa mana."

Ya ce, "Ladi, kin san umarnin da aka ba mu. Ƙarfe huɗu a kulle, ba mai kwana. Mutanen nan asibiti suke fara faɗa wa neman magani. In na bar ta aka ɗauke ta, me zan ce wa danginta?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. Na ce to ta biyo mu Birnin Gwari ta kwana a ɗakina. Ta ce ga yara biyu, ga surukarta ba ta gani, ita ke riƙe mata sanda zuwa gona, mijin kuma ya tafi neman abin da za su ci. Na kwance mayafina na naɗe Mudi, na haɗa ta da girman Allah kada ta ba shi komai ban da abin da na ba ta. Ta ce to.

Washegari muna isowa na hango ta zaune a gindin darbejiyar ƙofar asibiti. Na sauke mata goyon. Tun daga taɓawa na sani, domin ya riga ya yi sanyi. Ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar kwalba, irin ta masu tallan magani a tire.

"Murfi ɗaya na ba shi. Da ya sake motsawa na ƙara. Likita, ko sau ɗaya bai yi tari ba, har matan suna sa mini albarka."

Sannan ta ce, "Kuma 'yan bindigar ba su ma zo ba."

Malam Tanimu ya cire hularsa ya zauna a dakali yana salati. Na yi kuka a gaban mai jinya, abin da aka hana mu tun a makaranta.

Duk abin da aka koya mana kan murar jariri, an tsara shi ne don jariri mai ɗaki da ƙofa. Namu mutanen ba kullum suke da wannan ba. Don haka in uwa ta nemi abin da ya saɓa wa hankali, kada ku fara da tsawa, ku fara da tambayar inda suke kwana. Kuma ke Hadiza, ɗazu na ji kina ce wa wata ta fita da ɗanta waje, tarinsa ya cika muku kunne. Je ki dawo da ita. A asibitin nan dai, ku bar yaro ya yi tarinsa.