Ranar da Sallamar Baffana Ta Tona Asirin Rundunarmu

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙaramin soja a barikin Zariya, ko igiya ɗaya ba ni da ita. Na shiga aikin ne ba da son mahaifiyata ba. A ƙauyenmu da ke wajen Furana, idan aka ce ɗan wane ya shiga soja a wancan zamani, kusan jaje ake zuwa yi wa iyayensa. Ba ta yi mini baki ba, amma kuma ba ta sa mini albarka ba, wannan kuwa ya fi duk wahalar fareti damuna. Ga shi ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kamawa saboda kunya, balle in zaunar da ita mu yi maganar.

A shekarar ne aka kawo mana wasu hafsoshin Turawa. An ce ƙasashensu sun ƙulla ƙawancen tsaro a tsakaninsu, mu ba ma ciki, amma an yi yarjejeniya su zo mu yi atisaye tare. Aka raba mu gida biyu: wasu su ɓuya a daji tsakanin Makarfi da Ikara, wasu su nemo su. Na faɗa cikin masu ɓuya, ƙarƙashin wani dogon kyaftin Bature mai jan gashin baki. Da sajanmu ya ji cewa ni ɗan yankin ne, sai ya kira ni gefe.

"Kai za ka zaɓa mana maɓuya. In la'asar ta yi ba a gan mu ba, igiyarka ta tabbata."

Nan take na fara hango kaina na shiga gida da igiya a hannun riga, Inna ta ga cewa aikin nan ba shashanci ba ne. Na ce masa ko aljani ba zai gan mu ba. Haka na faɗa, da bakina.

Na kai su fadamar baffana, inda rake ya yi tsayin da ko mai doki ya shiga sai ya ɓace. Muka kutsa tsakiya muka kwanta. Kyaftin ya duba taswirarsa, ya dubi raken, ya ɗaga mini babban yatsa. Sannan ya ba da doka da ɗan Turancin da nake tsinta: ba tari, ba magana, ko wa ya zo a yi shiru. Ni kuwa ina kwance ina hura hanci, har ina tausaya wa masu nemanmu.

Hantsi ya dubi ludayi sai muka ji takun mutum a bakin gona. Baffana ne, yayan mahaifina, ya zo duba raken da za a kai wurin matsa don dafa mazarƙwaila. Ya ga sawun takalma sun shiga gonarsa ba su fito ba. Da wani ne, da ya ruga ya kira jama'a. Shi sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Salamu alaikum, mutanen cikin rake."

Kyaftin ya ɗora yatsa a baki yana kallona. Na runtse ido. Baffa ya sake sallama. Jama'a, an koya mini harbi, an koya mini rarrafe da ciki, amma ba wanda ya koya mini yadda zan ji sallamar mutumin da ya yanka ragon sunana in yi shiru. Da ya yi ta uku, ban san lokacin da bakina ya amsa ba. Na fito da bindiga a hannu da ganye a hula, na durƙusa.

"Kai ne? Ikon Allah! Yaushe a gari? Ina gajiya? Ina aiki? Ina manyanku?"

Matsalar ita ce kunnen Baffa ya yi nauyi. Duk amsar da na bayar a hankali sai ya ce, "Iye?" Dole na riƙa ɗaga murya, har "lafiya lau" ɗina tana amsa kuwwa a fadama. Na roƙe shi ya rufa mana asiri, na ce ɓuya muke yi, da baƙi Turawa a ciki.

"Baƙi? A gonata? Sun ci abinci?"

Na ce muna da namu na gwangwani. Ya dube ni kamar na zagi kakanmu, ya juya ya nufi gari.

Kafin azahar sai ga layin mutane daga gari har bakin fadama, kowa da kaya a ka. Ƙoren fura, tuwon dawa da miyar kuka, dafaffen rogo, mazarƙwaila. Fulanin rugar da ke kusa suka ji labari suka aiko da nono. Masu nemanmu, da tun safe suke zufa a wajen Janfalan, ba su sha wata wahala ba. Layin abincin suka biyo a hankali har inda muke. Kofur ɗin da ya fara isowa ya buɗe baki zai ce an kama mu, Baffa ya ce masa ya wanke hannu tukuna.

Sajanmu ya harare ni harara mai cewa igiya ta tafi. Na sunkuyar da kai ina jiran tsawar kyaftin. Sai na ji wani irin sauti, na ɗaga ido, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har ya zauna a kan kunya. Aka shimfiɗa tabarmi, wanda ya kama da wanda aka kama suka sa hannu a akushi ɗaya.

A ƙarshen layin ne na hango mahaifiyata, ta yafa mayafi, ta tsaya nesa kaɗan. Na gaya wa kyaftin ko wace ce. Ya tashi, ya cire hula, ya je ya durƙusa yadda ya ga na yi wa Baffa, gwiwoyinsa har ƙara suke. Aka ce in yi tafinta. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, shi take kallo.

"Tambaye shi, tun da an ce sun ba mu ƙasarmu, me ya dawo da su?"

Ya ce ba mulki ya kawo su ba, koyon aiki tare ne, don ranar da wani ya shiga matsala ɗaya ya san yadda zai kama masa. Na juya mata da Hausa iyakar iyawata. Ta ce, "Ashe gayya ce. To wa ya taɓa kiran gayya ya ɓoye mutane a cikin rake da yunwa?" Da na fassara, kyaftin ya sosa ƙeya yana murmushi.

Sai ta gyara mayafi, har yanzu idonta a kansa.

"Gaya masa, wannan yaron da ke hannunsu ba ya ƙarya, ba ya raina na gaba da shi, yau ma kun gani. Gaya masa na yarda da aikin. Allah ya yi masa albarka, ya kai shi ya dawo da shi lafiya."

Na buɗe baki in fassara, sai kuka ya ƙwace mini. Soja guda da bindiga, hawaye na zuba a gaban sajansa. Kyaftin ya dafa kafaɗata ya ce wannan ba sai na juya masa ba.

Igiya dai ban same ta a shekarar ba, kuma har na bar aiki abokaina ba su daina yi mini sallama daga bayan kowace bishiya ba. Na yi atisaye da yawa bayan nan, da sojojin ƙasashe iri-iri, wasu mun ci, wasu an cinye mu, yawancinsu na manta. Wanda na fi kowa faɗuwa a cikinsa shi ne har yau in na tuna nake murmushi ni kaɗai. Sai da na tsufa na gane cewa Inna ta daɗe tana neman hanyar gaya mini maganar nan, kunya ta hana ta. Da ta samu baƙon da ba ya jin Hausa, sai ta gaya masa a gabana.