Matar da Ta Tsamo Masunta

A shagon hoto na unguwar Badariya nake zaune, ina kallon wata siririyar mata, mayafi ɗaure a ƙugu kamar mai shirin daka. Katin shaidar masuntan Argungu take haɗawa a kwamfuta, motar da za ta kai katin tana jira.

Kowane kati hawa-hawa ne kamar ɓawon albasa: shuɗi a ƙasa, fuska bisa shi, suna a sama. Ta rubuta wa injin umarni ya jera su da kansa, sakaran ya ɗora shuɗin bisa fuskokin. Masunta duk sun nutse!

"Ɗayyaba, bi su ɗaya-ɗaya da hannu mana," in ji mai shagon.

"Alhaji, in na bi da hannu yau, baɗi ma da hannu zan bi."

Ban yi boko ba, amma na san macen da maimaita aiki ya ishe ta. Wagga ta sha surfe tana ƙarama, na rantse.

Direban motar na ta danna oda a waje, ko waiwaye ba ta yi. Ta gyara layi guda a umarnin, ta danna. Sai ga kawuna suna ɓullowa bi da bi, har da wani mai giɓi yana dariya.