Jakin da Suka Cire

Ina ƙarama, motar majigi ta nuna wani fim a Faskari. Mutanen wata duniya sun sauko neman shugaban 'yan Adam, suka wuce masu manyan riguna, suka durƙusa wa jaki, don shi kaɗai suka tarar yana aiki. Baba ya shekara goma yana ba da labarin nan, yana dariya har hawaye.

Lokacin da fari ya kashe mashi shanu, dariyar ta ɗauke. Na dawo hutu daga sakandare, lokacin da kuɗin mai ya haukata gari, na ji an kawo ci gaban fim ɗin, mai kala. Na ƙi barinsa ya huta sai da muka tako daga ƙauyenmu Tafoki zuwa Faskari. Dariyarsa kawai nake son sake ji.

A sabon fim ɗin, 'yan kwangila ne suka tarbi baƙin da motoci. Abin dariyar wani manomi ne da ya ruga, wandonsa na zamewa.

"Ɗiyata, ina jakin?"

"Sun cire shi, Baba."

"Ashe yanzu mu ake yi wa dariya."

Ya ɗauki takalmansa. Ni na jawo shi wurin, kuma har yau abin na ci mani rai.