Simintin Shagon Baba

Wata safiyar Asabar, cikin sanyin shekarar 2013, na kai wa Baba shayi shagonsa da ke bayan gidanmu a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad, sai na ga sawun ƙafa ja a kan siminti, daga bakin ƙofa har gindin keken ɗinki. Ina da shekara goma. Baba na zaune dirshan a ƙasa yana cusa soso cikin matashin majalisa, irin wanda Larabawa ke jingina da shi, yana ta waƙarsa. Ƙusa ce ta shige masa diddige har kai, kuma wallahi bai sani ba sai da na saki kofin na kwarma ihu.

Mutanen gida gani suke Riyad wuta ce kawai. Ina! In sanyinta ya sauka, simintin shagon nan sai ya koma kamar cikin firji. Baba kuwa ba ya shiga da takalmi, don kada ya ɓata yadin mutane, kuma a nan yake salla. Nakan yi tsalle a kan tulin soso bayan makaranta, in tsince masa zare da guntun yadi, amma ko mai faɗin tafin hannu bai yarda a shimfiɗa masa ba. "Na masu aiki ne," haka yake cewa. Da yamma ni ke ɗumama ruwa in zuba masa a ƙafa, kuma tun kafin ranar ƙusar na lura ya daina cewa ya yi zafi. Abin ya riƙa ba ni tsoro, na rasa wa zan gaya wa.

Maƙwabcinmu Kawu Isuhu, mutumin Maraɗi, yana aikin gini a Dir'iyya, can gefen Riyad, inda suke shimfiɗa azil, wani farin allo mai tare zafi da sanyi. Ya sha zuwa ya tsuguna ya dafa simintin da hannu, ya girgiza kai. "Malam Sani, bari in sa maka azil, in ɗora katako a kai. Kayan kawai za ka saya." Mama ma ta yi magana har ta gaji. Amsar Baba ɗaya ce: "Shagon na kafili ne, Isuhu, Balaraben da ya tsaya mini a takarda. Ina ni ina gyara ƙasar wani? Bana ma za mu koma gida." Tun ina goye yake faɗin wannan bana.

Ciwon bai warke ba. Diddigen ya yi baƙi, shagon ya fara wani wari da ƙamshin turare ba ya iya dannewa. Likita ya ce ciwon sukari ne ya kashe jijiyoyin, zaman siminti kuma bai taimaka ba. Mun koma gida kuwa a shekarar, kamar yadda ya daɗe yana faɗi, amma bayan an yanke ƙafar, a keken guragu aka tura shi cikin jirgi.

Yanzu ina da ɗan shagon ɗinki a Kano, inda sanyin bai kai rabin wancan ba. Haya nake, amma kafin in sa keke sai da na sa aka shimfiɗa katako, ƙawayena suna ta yi mini dariya. Ranar da Baba ya zo gani, ya ƙwanƙwasa katakon da sandarsa. Sannan ya cire takalminsa guda ɗaya ya shigo.