Yaya Larai Ta Tafi Ba Ta Faɗi Na Ɗaya Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina zaune a ɗakin watsa shirye-shirye ina jiran Yaya Larai ta shigo mu fara, sai wayata ta yi ƙara. Ƙaninta ne, daga ƙauyensu da ke bayan Ɗanbatta. Ya ce, "Anti Rabi, sai haƙuri. Allah Ya yi wa Yaya rasuwa." Na ce wace Yayar? Sai da ya kira sunanta. Ya ce da safe ta leƙa gonar mahaifiyarta inda ake tsinkar gyaɗa, tana ta raha da mata, sai ta ce kanta yana sara, ta zauna a gindin ɗorawa. Kafin a kawo babur, rai ya yi halinsa. Jakarta ma tana bakin ƙofa, ta riga ta yi shirin hawa motar Kano.

Ko kuka na kasa. Kujerarta kawai nake kallo, har mai kula da na'ura ya buga gilashi yana nuna mini agogo.

Yaya Larai ce ta koya mini aikin rediyo, kuma ni nake taimaka mata a shirinta na waƙoƙin mata. A bana ta ɗauko aikin jera faya-fayan mata mawaƙa, na gida da na waje, kowane mako a ɗauki guda a yi bayaninsa, ana hawa har a kai ga wanda ya fi. Ranar da ta rasu ce ranar faɗin na ɗaya. Na sha roƙonta ta raɗa mini, takan yi dariya ta ce, "Ke Rabi, fuskarki ba ta riƙe sirri." Ba ta gaya wa kowa ba.

Mace ce mai taurin kai a kan abin da ta yarda da shi. Da shugabanmu ya ce sai faifan da aka naɗa a sitidiyo zai shiga jerin, washegari ta zo da wani tsohon kaset na kiɗan ƙwarya da aka ɗauka a tsakar gida ranar suna. Ana jin zakara, ana jin luguden taɓarya. Ta kunna har ƙarshe, babu wanda ya yi motsi. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, rashin sitidiyo ba rashin murya ba ne." Kaset ɗin ya shiga.

Wata rana kuma ta sa waƙar wata Baturiya mai kiɗan rok, jitar lantarki tana kururuwa kamar za ta fasa rediyo. Wani dattijo ya bugo waya a fusace. "Hajiya, wannan wace irin hayaniya ce? Mace da jita?" Ita kuwa ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, kakata ƙwarya ta kifa a ruwa ta doka har unguwa ta amsa. Wannan ita kuma wayar jita ta samu. Dukansu an ce musu ba aikin mace ba ne." Sai dattijon ya ce, "To, a ɗan rage ƙarar."

Ba zan manta da tafiyarmu wani ƙauye a gefen Minjibir ba, neman wata tsohuwar mawaƙiya da kowa yake kira Mai Ƙwarya. Mun ratsa gonakin dawa a ƙafa, muka same ta tana ɓarar gyaɗa. Yaya Larai ba ta fito da rikoda ba. Zama ta yi a tabarma ta sa hannu, sai da kwanon ya cika ta ce, "Inna, mene ne sunanki na yanka? Da shi nake so Kano ta ji ki." Tsohuwar ta daɗe tana kallonta kafin ta ce, "Hauwa'u."

A zaman makoki na sake ganin Inna Hauwa'u, ta dogaro sanda tun daga bakin titi. Ta zauna kusa da mahaifiyar Yaya Larai ta riƙe hannunta, ta ce, "Ni ya kamata ta zo ta yi wa wannan zaman." A nan ne kukan da ya ƙi zuwa ya ɓalle mini.

An ce in zaɓi faifai guda in rufe shirin da shi. Na ce a yi mini afuwa, ba zan sa wa Yaya magana a baki ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Larai ta zo maKa ba zato ba tsammani. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka sanyaya zuciyar Innarta, wadda a gonarta aka ɗauko ta. Ka ba mijinta Malam Habu juriya, Ka raya 'ya'yanta da har yanzu suke fitowa da gudu idan sun ji tsayuwar mota. Mu kuma, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.