Sunan da Na Buga Ƙwallo da Shi

Shekarun baya can, zamanin da jiniyar jirgin ƙasa ce agogon mutanen Kafanchan, ni ma an taɓa yin cinikina. Ku da kuke tambayata game da 'yan wasan makarantu da ake zawarci yanzu da maƙudan kuɗi, ku sani abin ya daɗe. Sai dai ni farashina bai wuce takalmin ƙwallo da gwangwanin madara duk Asabar ba.

Ina aji uku a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo. Karatu dai sai a hankali, amma ƙafar dama Allah ya ba ni. Wata rana muka yi wasan sada zumunci da wata kwalejin horon malamai ta kwana da ke bayan gari, na zura musu biyu. Ranar Litinin sai ga malamin wasanninsu a kan babur har ƙofar gidanmu, ya tarar da mahaifiyata tana shanya citta.

"Mama, yaron nan muke so," in ji shi. "Ba kuɗin makaranta, ba na abinci. Zai fita da takardar malanta."

"Haka kawai, Malam? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Abu ɗaya ne. An rufe rajistar gasar kofi. Akwai wani yaronmu da ba ya makaranta yanzu, sunansa na cikin takarda. Da sunan nan zai buga, bana kaɗai."

Sojan gona ba baƙon abu ba ne a wasannin makarantu lokacin, takardar ma ba hoto a jiki. Mahaifiyata ba ta ƙi ba, don tun rasuwar mahaifina ita kaɗai ke ɗauke da mu biyar. Ni kuwa idona na kan takalmin da ke ɗaure a bayan babur. Ko da sunan akuya aka ce in buga, da na yarda.

Tun ranar farko a kwalejin na ga wani abu bai yi daidai ba. Gadon da aka ba ni yana kusa da taga, wurin da manya ke faɗa a kai, amma ba wanda ya nuna yana so. Rigar lamba goma sha ɗaya ta zauna mini kamar tela ya auna ni. Malam ya kafa doka cewa ko a ɗakin cin abinci da sabon sunan za a kira ni, don kada baki ya kuɓuce a fili. Yaran suna kira, amma ba mai kallon fuskata in ya kira. Matar da ke raba abinci kan ƙara mini ƙanzon shinkafa ban roƙa ba, ta juya da sauri.

Cikin sati uku sunan ya kama ni. A wasanmu da wata makaranta daga wajen Kagarko, ƙwallo ta zo mini ta hagu. Ni da ƙafar hagu ba ta yi mini komai sai tafiya, na ɗaga ta na buga, sai cikin raga. Na juya ina jiran a rungume ni, na ga 'yan wasanmu tsaye cirko-cirko. Golanmu, wanda ya zama abokina, ya dafe kai da hannu biyu.

Washegari bayan sujada ya ja ni bayan majami'ar makaranta. Ƙarƙashin wani mangwaro akwai tudun ƙasa da gicciyen katako, ga sunan da nake amsawa an rubuta da farin fenti.

"Sanƙarau ne, zafin bara," ya ce. "A ranar aka binne shi, masu duba-gari suka ce ba a jira. Bahago ne, ka gane? Haka yake buga. Haka sak."

Da tsakar rana ce, amma tsigar jikina ta tashi. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Da ina da zuciya da ranar na ɗaure akwatina. Amma in na koma gida wa zai biya mini makaranta? Kuma, in faɗi gaskiya, na fara jin daɗin tafi. Na ce wa kaina saura wasa biyu, matacce ba ya bukatar suna.

Wasan ƙarshe a filin gari aka yi, har kan itatuwa mutane. Na ci ɗaya kafin a tafi hutu, da hagun nan kuma, fili ya ɗauki sunan kamar waƙa. Muna zaune a ciyawa muna shan lemo sai wata mata ta tsallako igiyar da aka kewaye fili da ita. Ba takalmi a ƙafarta, jar ƙasa har gwiwa, tana rungume da ƙullin tsumma. Ta kira sunan. Ba yadda 'yan kallo ke kira ba, ta ja ƙarshensa a hankali, irin kiran cikin gida.

"Na'am," na ce. Bakina ne ya amsa, ban sa shi ba.

Ta zo ta tsaya a kaina. Ta duba fuskata, ta duba kunnena, ta duba hannuwana. Malamin wasanni ya sulale ya bi bayan mutane.

"Ba shi ba ne," ta ce, ba da ni take ba. Sannan ta dube ni. "Direban motan Zangon Kataf ya gaya mini wai yarona yana buga ƙwallo a Kafanchan, wai ya ji da kunnensa. Na ce to, ni ban ga gawa ba, ƙasa kawai an nuna mini. Kwana biyu ina hanya. Kai yaron wane ne?"

Na buɗe baki, sunana ya ɓace mini. Sai da na lalubo shi kamar abin da ya faɗa rijiya, kuma da na faɗa, ya yi mini kamar na wani.

"Mamanka ya sani ka ajiye sunan da ya ba ka?"

Na sunkuyar da kai. Ta ajiye ƙullin a gabana, soyayyar gyaɗa ce da garin acca.

"Ka ci, ba zan koma da shi ba. Amma ka ba ni sunan yarona in tafi da shi gida. Mu a gida ba mu kira shi ba tun bara, mun bar shi ya huta. Ku kuna sa shi gudu."

Alƙalin wasa ya busa a dawo. Na tuɓe rigar na miƙa mata, ta naɗe ta a ƙirji ta fita ta inda ta shigo. Ni ma na bar filin ba riga, ba wanda ya tare ni. An ci mu uku da ɗaya. Kafin sati ya zagayo an sallame ni, na koma tsohuwar makarantata na maimaita aji, mahaifiyata ta ƙara sana'ar kunu a tasha. Ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi duka ciwo.

Ban ce kada a biya yara ba, gumin ɗan wasa nasa ne. Abin da nake gaya wa duk yaron da aka zo zawarcinsa shi ne ya tambayi gurbin wa zai shiga, kuma me za a karɓe masa wanda ba a faɗa da baki ba.

Rigar dai na ba ta. Sunan ne ban tabbata ya tafi duka ba. Watan jiya a kasuwa wata mata ta ƙwala wa jikanta kira da shi, ni da furfurata na juya na ce na'am.