Watan da Arzika Ya Gani

A Ƙofar Marke, in ka tambayi gidan Arzika baduku sai a tsaya ana tunani, don dukawa suna da yawa a unguwar, masu suna Arzika ma ba su ƙirguwa. Amma ka ce Arzika mai ganin wata, ko tsohuwa mai daddawa za ta nuna maka zauren. Sana'arsa ɗinkin gafaka ce, jakar fatar nan da malamai ke zuba littattafai, kuma tsakani da Allah ɗinkin nasa ba wani abin a zo a gani ba ne. Idonsa ne Allah ya yi wa baiwa. Shekara ashirin da shida, duk ranar ashirin da tara ga wata, kafin magariba yakan ajiye basilla, ya hau ganuwa, ya fuskanci yamma. Mutum ɗari su tsaya suna zare ido har hawaye ya zubo ba su ga komai ba, shi kuwa sai ya ɗaga yatsa kawai.

To, shari'a ba ta karɓar bakin mutum ɗaya a kan wata, sai adalai biyu. Na biyun shi ne Malam Hayatu, limamin masallacin unguwa, dattijo mai sanyin magana wanda ya ba Arzika shekara goma sha biyar. Arzika ya nuna, Malam Hayatu ya bi yatsan da kallo ya ce, "Na gani," su sauko su nufi gidan alƙali. Alƙali ya yi tambayoyinsa na kullum, ina ƙahon watan ya fuskanta, yaya nisansa da ƙasa. Arzika ya amsa, Malam ya gyaɗa kai, a yi shela. Haka azumi da salla suke shigo wa mutanen wannan yanki na birni, ta kan yatsan baduku.

Sai Nasara suka zo. Ranar da aka fita yaƙi da su a filin Giginya, ɗan farin Arzika, Garba, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, ya ɗauki takobin kakansa ya bi jama'a ta Ƙofar Atiku. Kafin hantsi ya yi zafi an gama. Arzika ya yi kwana biyu yana bin gawarwaki ɗaya bayan ɗaya, yana juya fuskoki. Mutumin da ke tsinto jinjirin wata a sama ya kasa tsinto ɗansa a ƙasa. Wasu suka ce sun ga Garba ya faɗi, wasu suka ce ai ya bi masu hijira gabas. Kowa da abin da ya gani, kuma kowa a shirye yake ya rantse.

Arzika bai yi kuka ba. Mutane suka yi ta yabon tawakkalinsa, shi kuwa ya san ba tawakkali ba ne. Abu ne kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kana ganinta amma ba ka jin ta. Yana cin tuwo, bai san ko da gishiri a miyar ba. Basilla ta huda masa yatsa, sai da jini ya ɓata fata ya lura. Sababbin masu gari suka kafa barikinsu, ana ta ƙus-ƙus a kasuwa, har ana cewa suna da takarda mai faɗin ranar tsayuwar wata tun shekara ba ta shigo ba. Aka kawo masa labarin don a ga ransa ya ɓaci. Ya ce, "To," ya ci gaba da ɗinki.

Wata huɗu bayan yaƙin, Arzika ya fara ganin Garba. Farko a kasuwa, wajen masu jimar fata, yana tsaye da rigarsa shuɗiya wadda ya fita da ita. Ba inuwa ba ce, ba kuma mafarki ba. Har tabon da ke gefen wuyansa Arzika ya gani. Ya kutsa cikin mutane, ya isa wurin, ba kowa. Bayan kwana goma ya sake ganinsa a bakin rijiya, sannan a sahu na uku ranar Juma'a. Daga baya ya daina binsa, ya ce a ransa ɓoyo yaron yake yi don kada dakarun Nasara su kama shi.

Ya gaya wa matarsa Zulaihatu. Ita, kamar kowace uwa, ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta ce "yaron ga". Ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta tashi ta ɗauko akushin Garba ta wanke. Daga ranar, kowace yamma in ta kwashe tuwo, sai Arzika ya ga akushi a rufe da faifai a ƙofar ɗakin Garba. Ba a yi sadakar mamaci a gidan ba. Wa zai yi wa mai rai sadaka?

Amma Arzika ba wawa ba ne. Yakan zauna a zaure yana lissafin abin a ransa, ba tare da wani zafi ba, kamar mai warware zare. Ido ɗaya ne yake nuna masa wata, shi ne kuma yake nuna masa Garba. In ya yi ƙarya a ɗaya, me zai hana shi yi a ɗayan? Wani lokacin tunanin ya zarce har kan ganuwa da kasuwa da barikin Nasara, ko suna nan da gaske, ko kuwa mutane ne suka haɗu a kan sun gan su. Abin da ke dawo da shi gida kullum shi ne Malam Hayatu. Duk ƙarshen wata yana nunawa, Malam yana cewa ya gani. Ke nan idonsa lafiya lau. In kuwa idonsa lafiya, Garba yana raye.

Azumi na uku bayan zuwan Nasara, ranar ashirin da tara, ganuwa ta cika da mutane. An gaji, kowa na son salla. Sama tas take, rana ta faɗi ta bar ja. Arzika ya duba inda ya saba dubawa, ga shi nan siriri, ƙahonsa na kallon kudu, sarai kamar yadda yake ganin tabon wuyan Garba. Ya ɗaga yatsa.

"Malam, ga shi can bisa kan giginya ta tsakiya."

Malam Hayatu ya bi yatsan. "Na gani," in ji shi. "Alhamdu lillahi."

Ba wanda ya gani cikin sauran jama'a, amma wannan ba sabon abu ba ne. Har wani mahauci ya ce shi ma kamar ya hango, aka yi masa dariya, aka ce naman salla yake hangowa. Alƙali ya karɓi shaida. Kafin isha'i 'yan mata sun fara daka, ana ta ƙunshi, gari ya ɗauka.

Da safe aka ci abinci, aka tafi Idi. Bayan an sallame, Arzika ya riƙe hannun Malam Hayatu suna fitowa cikin turmutsitsi. Sai ga Garba can gaba, jingine da wata tsamiya, da shuɗiyar rigarsa a tsakiyar fararen riguna. Shekara uku Arzika bai taɓa nuna shi ga kowa ba. Ranar, ko don me, hannunsa ya tashi da kansa yadda ya saba tashi a kan ganuwa.

"Malam, ga yaron ga can, gindin tsamiya."

Malam Hayatu ya bi yatsan. "Na gani," in ji shi.

Arzika ya tsaya cak. Adalai biyu ke nan. Da a gaban alƙali suke, da an yi shela Garba yana raye. Ya jira ya ji farin ciki ya taso masa, bai ji komai ba, sai bakinsa ya yi tambayar da alƙali zai yi.

"Wace irin riga a jikinai, Malam?"

Mutane suna wuce su, suna barka da salla, su kuwa suna amsawa da ka. Da aka ɗan sarara, Malam Hayatu ya matse hannun Arzika, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Arzika, shekara bakwai ke nan ban ga wata ba. Yanar ido ta ruhe min gani. Ko yatsanka ba ni gani sosai, hannun rigarka nika bi."

"To mi as sa kake cewa ka gani?"

"Don kai ka gani. Idonka bai taɓa ƙarya ba, kowa ya sani. Ni kau in na ce ban gani ba, mutane su ƙara kwana da yunwa a banza." Ya share ido da bakin rawani. "Allah shi gafarta min. Jiya hwa, ka gan shi da kyau, ko?"

Arzika ya dubi filin. Dubban mutane sun karya azumi tun asuba, sun sa sababbin kaya, yara na gudu da ƙosai a hannu. Salla ce sosai, ba abin da ya rage mata. Ko an ga watan ko ba a gani ba, ta riga ta zama salla. Ya sake duban gindin tsamiyar, Garba yana nan, yana sosa wuya.

"Na gan shi kamar yadda nike ganin yaron ga," ya ce. Ya raka Malam har ƙofar gida, don yanzu ya gane me ya sa dattijon yake son a riƙe masa hannu.

A gida Zulaihatu ta kwashe tuwon shinkafa. Akushin Garba yana wurinsa, rufe da sabon faifai na salla. Arzika ya tsaya a tsakar gida da takalmansa a ƙafa. Shekara uku ya hana matar nan makokin ɗanta da bakinsa, kuma ya san dole ya faɗa mata yau, tun harshensa yana iya motsi.

"Zulai, ɗauki tuwon ga ki ba da sadaka. Ki roƙa ma yaron ga gafara. Ni ban san abin da nike gani ba."

Ba ta ajiye muciyar da take wankewa ba. "Buɗe ka gani, maigida."

Ya durƙusa ya ɗaga faifan. Akushin a bushe yake, har gizo-gizo ya yi saƙa a gefe ɗaya.

"Kullum ina zuba nashi a ƙwarya, in aika ma makahin bakin masallaci," in ji ta. "Tun ranar da kac ce ka gan shi a kasuwa. Na san ɗana ba ya tsayawa nesa shi bar ni. Akushin ga don kai nika ruhe shi."

Arzika ya daɗe a durƙushe. Waje ana kiɗa, wani maroƙi yana kiran sunansa a cikin masu albarkar gari. Ya ɗaga kai, ga Garba tsaye a ƙofar zaure, rana tana dukan shuɗiyar rigarsa, har inuwarsa a ƙasa. Arzika ya dube shi, ya dubi matarsa da ke wanke muciya da baya gare shi. Hannunsa ya fara tashi, sai ya mai da shi kan faifan, ya rufe akushin yadda ya same shi.